Ghana: Darasin Zaɓe Daga Cikin Aji Zuwa Teburin Rajista

A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Ghana da aka yi ranar 7 ga watan Disamba na shekarar 2008, hukumar zaɓen ƙasar ta ware ƙuri'u 205,438 ta ce sun lalace, ba za a ƙirga wa kowa su ba. Idan mai karatu bai manta ba, a wannan zagaye Nana Akufo-Addo na jam'iyyar NPP ne ke kan gaba da kashi 49 da 'yan kai cikin 100, Farfesa John Atta Mills na NDC yana biye da shi, kuma abin da ya rage wa Akufo-Addo ya haye rabi ya lashe zaɓen bai kai ƙuri'u 75,000 ba. Ke nan ƙuri'un da suka lalace sun kusa ninka abin da yake nema har sau uku. Sun ma zarce duk abin da ɗan takarar da ya zo na uku, Dokta Paa Kwesi Nduom na jam'iyyar CPP, ya samu. Da aka koma zagaye na biyu kuwa, sai da aka jira mazaɓar Tain ta kaɗa nata ƙuri'un ranar 2 ga Janairun 2009, sannan aka bayyana Atta Mills a matsayin wanda ya yi nasara, da ratar da ba ta kai ƙuri'u 41,000 ba.

Ko wa masu waɗannan ƙuri'u suka yi niyyar zaɓa, abu ɗaya a fili yake, wato sun baro gidajensu, sun bi layi cikin rana, amma wahalarsu ta tashi a banza saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Wani ya dangwala wa mutum biyu, wani ya naɗe takardar tun tawada ba ta bushe ba ta shafi gidan wani ɗan takarar, wani kuma ya jefa ta cikin akwati ba tare da ya dangwala wa kowa ba. Matsalar kuma ba ta tsaya a 2008 ba, domin a zaɓen 2012 ƙuri'u sama da 250,000 ne suka lalace, a na 2020 suka haura 300,000.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu wayar da kan jama'a a Ghana suke yawan waiwayar makarantun sakandare. A can ne ake samun matasa masu shekara 17 zuwa 18 a tare a wuri ɗaya, ga malamai, ga allo, ga lokaci. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, amma kamar yadda za mu gani, koya wa yaro cewa yana da 'yancin zaɓe shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne kai shi teburin rajista da takardun da doka ta yarda da su, a kuma tsare shi daga hannun 'yan siyasa a kan hanya.

Wa aka ɗora wa nauyin?

Tsarin mulkin da Ghana ke aiki da shi, wanda jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Afrilun 1992, ya faɗa a sashe na 42 cewa duk ɗan ƙasar da ya kai shekara 18, kuma yake da cikakken hankali, yana da ikon yin zaɓe da ikon a yi masa rajista. Sashe na 45 ya sa ilimantar da jama'a kan yadda ake zaɓe cikin ayyukan hukumar zaɓe. Bugu da ƙari, waɗanda suka rubuta kundin, ganin yadda juyin mulkin soja ya kifar da jamhuriya uku a 1966 da 1972 da 1981, sai suka tanadi wata hukuma ta daban a sashe na 231, wadda aikinta shi ne koya wa 'yan ƙasa haƙƙoƙinsu da nauyin da ke kansu. Ita ce hukumar da aka fi sani da NCCE, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1993, kuma tana da ofisoshi a yankuna da gundumomin ƙasar.

Tun cikin shekarun 1990 wannan hukuma ta fara kafa ƙungiyoyin ilimin zama ɗan ƙasa a makarantu. 'Yan ƙungiyar kan haɗu bayan an tashi daga aji, ƙarƙashin kulawar wani malami, su karanta sassan tsarin mulki, su yi kacici-kacici da muhawara, wani lokaci su kwaikwayi zaman majalisa, ko a kai su ziyara majalisar dokoki a Akra ko wata kotu da ke kusa. Daga 2001 hukumar ta ware makon tsarin mulki, wanda kan fara ranar 28 ga Afrilu don tunawa da waccan ƙuri'ar raba gardama, daga baya kuma ta ƙaro makon zama ɗan ƙasa, inda ake gayyato sanannun mutane su shiga makarantun firamare da ƙananan sakandare su yi wa yara jawabi.

A cikin aji kuma akwai darasin nazarin zamantakewa, wanda dole ne ga kowane ɗalibin babbar sakandare, kuma ana rubuta shi a jarrabawar ƙarshe ta WAEC. A ciki ake karanta tsarin mulki da dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan ƙasa. Sai dai duk wanda ya san halin jarrabawa ya san abin da kan biyo baya. Ɗalibi zai haddace ma'anar dimokuraɗiyya da siffofin zaɓe na gaskiya, ya zuba su a takarda ya ci maki, alhali ko samfurin takardar ƙuri'a bai taɓa riƙewa ba. Ita kuma NCCE ta daɗe tana kukan ƙarancin kuɗi da motoci, abin da kan sa ƙungiyoyin makarantu su farfaɗo idan zaɓe ya ƙarato, su koma barci idan ya wuce.

Zaɓen shugabannin ɗalibai

Wurin da yaro kan fara ganin zaɓe da idonsa shi ne zaɓen shugabannin ɗalibai. A makarantun sakandare da dama na Ghana, an bar tsohon salon nan da shugaban makaranta kan zauna da malamai su naɗa wanda suka ga dama. Yanzu mai sha'awa kan cika takarda, kwamitin malamai ya tantance shi, a ware rana ya tsaya gaban taron ɗalibai ya karanta manufofinsa, sannan a kaɗa ƙuri'a a asirce. A wurare da yawa akan gayyato ma'aikatan hukumar zaɓe na gunduma su zo da akwatunansu masu garai-garai da 'yar rumfar dangwale da tawada, su gudanar da komai kamar yadda ake yi a babban zaɓe, a ƙirga a gaban wakilan 'yan takara. Wasu makarantun kuma da kwamfuta suke yin nasu.

Amfanin wannan ba ƙarami ba ne, domin a nan ne ɗalibi zai koyi ƙananan abubuwan da kan lalata ƙuri'a. Zai san ya duba bayan takardar ya tabbatar an buga mata hatimi, domin wadda ba ta da hatimi ba a ƙirga ta. Zai san ya dangwala a gida ɗaya tak, ya goge ragowar tawadar da ke yatsansa, sannan ya fara naɗe takardar ta tsawonta, ta yadda ko tawadar ta shafa ba za ta faɗa gidan wani ba. Idan malami ya kawo samfurin ƙuri'ar babban zaɓe, zai nuna masa cewa kowane ɗan takara yana da hotonsa da sunansa da alamar jam'iyyarsa, giwa ta NPP, laima ta NDC, zakara na CPP, kuma ranar zaɓe takarda biyu za a ba shi, ɗaya ta shugaban ƙasa, ɗaya ta ɗan majalisa.

Akwai kuma darasin da ya fi waɗannan wuya, wato karɓar kaye. Yaron da ya tsaya takara ya faɗi, ya ga an ƙirga a gabansa, ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, washegari suka zauna a benci ɗaya, ya koyi abin da ya riƙe Ghana har mulki ya sauya hannu daga jam'iyya zuwa jam'iyya sau huɗu cikin lumana, bayan zaɓukan 2000 da 2008 da 2016 da 2024. Sai dai kuma an sha jin ƙorafi cewa halin manya ya fara shiga zaɓen yara, inda wasu 'yan takarar kan raba alawa da biskit da kayan shayi don neman ƙuri'a, wani lokaci ma iyaye ne ke ba da kuɗin. Makarantar da ta kau da kai daga wannan, to, ita ma ta koyar da darasi, amma na sayen ƙuri'a.

Rajista: wace takarda ke hannunka?

Tun 2012 Ghana ta koma rajistar da ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa, kuma ranar zaɓe sai na'ura ta tantance shi. Wanda sunansa ba ya cikin kundi, ko ya haddace tsarin mulki daga farko zuwa ƙarshe, ɗan kallo ne. Shiga kundin kuwa yana buƙatar shaidar cewa mutum ɗan ƙasa ne kuma ya kai shekara 18, kuma takardun da ake karɓa sun yi ta raguwa.

A da ana karɓar katin inshorar lafiya. A 2014 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Abu Ramadan da Evans Nimako suka shigar, ta ce wannan kati bai isa shaida ba, tunda baƙon da ke zaune a ƙasar ma yana iya mallakarsa. A 2016 kotun ta sa aka goge sunayen waɗanda suka yi rajista da shi, mutum sama da 56,000, aka ba su damar sakewa da wata shaidar. Da hukumar zaɓe, ƙarƙashin Jean Mensa, ta tashi yin sabon kundi a 2020, sai ƙa'idar ta tsaya kan abu uku: fasfo, ko katin ɗan ƙasa da ake kira Ghana Card, ko kuma mutum biyu masu rajista su tsaya wa mutum su sa hannu cewa sun san shi. Ranar 25 ga Yunin 2020 Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsari, wanda ya bar tsohon katin zaɓe da takardar haihuwa a waje.

Wannan batu na takardar haihuwa ya kamata kowane ɗalibi ya san shi, domin ita ce takardar da yaro ya fi saurin ɗaukowa idan aka ce ya kawo shaida. Fasfo kuwa 'yan ƙalilan ne ke da shi. Shi ya sa tsarin masu tsaya wa mutum ya zama babbar ƙofar matasa. A 2020 kusan kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ta wannan ƙofa suka shiga, a rajistar sababbin masu zaɓe ta 2023 kuwa, wadda ta ƙara mutum sama da 900,000, fiye da rabi ne. Hukumar zaɓe ta daɗe tana cewa ta nan ne ake shigo da ƙananan yara da baƙi, har ta nemi a mayar da Ghana Card shaida ɗaya tilo, amma a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta ƙi, bisa hujjar cewa mutane da yawa ba su samu katin ba tukuna.

Akwai kuma batun lokaci da wuri. Ko da yake ƙa'ida ta yi maganar rajista ta kullum, a aikace lokaci-lokaci ake buɗe ta na 'yan makonni. A 2023, daga 12 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba, yawanci a ofisoshin hukumar na gundumomi aka yi ta, abin da ya jawo suka daga jam'iyyun adawa da ƙungiyoyin farar hula, saboda mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota, shi da masu tsaya masa. Ɗalibin makarantar kwana kuwa sai ya nemi izinin fita. Har ila yau, sai mutum ya cika 18 ranar da zai yi rajistar, saboda haka wanda ya cika bayan an rufe, ko da saura wata biyu a yi zaɓe, sai dai ya jira na gaba. Bayan rajistar ma da sauran aiki, domin akan kafe sunaye na 'yan kwanaki don kowa ya je ya duba nasa, wanda kuma ya sauya wurin zama sai ya nemi a mayar da ƙuri'arsa can kafin wa'adi ya cika.

Ranar da hukumar zaɓe ta shiga makarantu

Shekarar 2020 ta zo da wani gwaji da ba a shirya masa ba. Cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, aka dawo da 'yan ajin ƙarshe na manyan sakandare ranar 22 ga Yuni don su shirya wa jarrabawa, aka kuma hana su fita, aka hana iyaye ziyara. Ana cikin haka aka fara sabuwar rajista ranar 30 ga Yuni, wadda aka tsara kammalawa ranar 6 ga Agusta. Ganin dubban matasan da suka isa zaɓe suna kulle a makarantu, sai hukumar zaɓe ta aika ma'aikatanta da na'urorinsu cikin makarantun a ranakun 10 da 11 ga Yuli.

Nan take ƙura ta tashi. Jam'iyyar NDC, wadda ke adawa a lokacin, ta ce makarantun ba sa cikin cibiyoyin rajista da aka wallafa bisa ƙa'ida, har ta garzaya kotu. A ƙarƙashin wannan gardama ta doka akwai lissafin siyasa, domin waɗannan ɗalibai su ne rukunin farko da suka ci moriyar shirin karatun sakandare kyauta da gwamnatin Akufo-Addo ta fara a watan Satumba na 2017, kuma kowane ɓangare yana da hasashensa kan inda ƙuri'arsu za ta faɗa. An kuma yi ta ƙorafin yadda aka ga 'yan siyasa suna shiga makarantun da sunan sa ido, a daidai lokacin da uwa ba ta da izinin kai wa ɗanta abinci.

Duk da hayaniyar, abin ya nuna cewa kai na'ura inda matasa suke ya fi sauƙi a kan jiran su zo inda take. Shirin karatu kyauta ya sa yawan ɗaliban manyan sakandare ya haura miliyan 1, kuma da yawansu a makarantun kwana suke. Abin da ya rasa a 2020 shi ne shiri tun da wuri da amincewar jam'iyyu. Ghana tana da dandalin da ya dace da wannan, wato kwamitin tuntuɓa tsakanin hukumar zaɓe da jam'iyyu da aka kafa tun 1994. Da a ce can aka zauna aka yarda cewa kowace shekara, a wani mako sananne, za a shiga makarantu da wakilan kowa, da zargin ya ragu ƙwarai. Sai kuma a tuna cewa ɗan ajin ƙarshe yakan gama jarrabawa ya koma gida kafin Disamba. Yaron da gidansu ke Bawku yana karatu a Kumasi, idan ba a nuna masa yadda zai mayar da ƙuri'arsa gida ba, katin zai zame masa ado a aljihu.

Ɗan Zango a gaban teburi

Ga yaran unguwannin Zango, irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, ko Asawase da Aboabo a Kumasi, wannan darasi yana da wani nauyi na daban. Hausawa sun daɗe a ƙasar. Fataken goro sun cika kasuwar Salaga tun kafin zuwan Turawa, yaƙin basasar garin na 1892 ya warwatsa su zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa, wasu kuma aikin soja da ɗan sanda ya kawo kakanninsu a zamanin mulkin Ingila. Amma tambayar nan ta “daga ina kuka zo?” ba ta taɓa barinsu ba. A 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi masu goyon bayan adawa, zuwa Nijeriya, duk da cewa sun dage su 'yan ƙasa ne. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama kwana 14 su fice, aka kwashe dubban mutane, ciki har da waɗanda aka haifa a ƙasar.

Har yau a wurin rajista, suna ko harshe ko shigar mutum kan sa wakilin wata jam'iyya ya miƙe ya ce bai yarda wannan ɗan ƙasa ba ne. Fulani na fuskantar haka, haka ma mutanen garuruwan kan iyaka da Togo da Burkina Faso da Kodebuwa. Yaro ɗan shekara 18 da aka yi wa haka a bainar jama'a, in bai san doka ba, ko dai ya sulale ya tafi gida da kunya, ko kuma ya hau faɗa.

Abin da ya kamata makaranta ta sanar da shi a bayyane yake. Na farko, haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, haka kuma suna ko ƙabila ba sa hana shi. Sashe na 6 na tsarin mulki ya ce wanda aka haifa bayan kundin ya fara aiki ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 kuma ta fayyace matsayin waɗanda aka haifa kafin samun 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, inda wanda aka haifa a ƙasar, kuma aka haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a cikinta, yake ɗan ƙasa. Saboda haka ya kamata yaro ya zauna da dattawan gidansu ya san inda aka haifi kakanninsa huɗu da lokacin da aka haife su. Na biyu, wanda ya ƙalubalance shi sai ya cika takarda ya sa hannu. Za a ci gaba da yi masa rajistar, sai dai a riƙe katin har kwamitin bita na gunduma ya saurari ɓangarorin biyu, in kuma hukuncin bai yi masa ba, yana da ikon ɗaukaka ƙara gaban alƙalin babbar kotu da aka ɗora wa wannan aiki a yankinsa. Makarantun Islamiyya da sarakunan Zango da limamai suna da rawar takawa a nan, musamman da yake da harshen Hausa za a fi isar da saƙon ga iyaye.

'Yan siyasa a bakin ƙofa

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Inda makaranta ta yi sakaci, jam'iyya ce ke zuwa da mota ta kwashi yara zuwa wurin rajista, ta kawo musu masu tsaya musu waɗanda ko sunansu ba su sani ba, a cikinsu har da 'yan shekara 15 da 16. Abin da ba a gaya wa yaron shi ne, yin rajista da shekarun ƙarya laifi ne da ke iya jawo tara ko ɗauri, shi da wanda ya tsaya masa, kuma ranar haihuwar da ya ƙirƙira za ta ci karo da wadda ke takardun makarantarsa da katin ɗan ƙasa, ta dame shi ranar da zai nemi aiki ko fasfo.

Hukumar ilimi ta Ghana ta hana yaƙin neman zaɓe a makarantun da ke ƙasa da jami'a, har a 2018 ta dakatar da shugaban wata sakandare a arewa maso gabashin ƙasar bayan an ga wani jigon jam'iyya yana yi wa ɗalibai jawabin siyasa a harabar makarantar. A manyan makarantu ne jam'iyyu ke da rassan ɗalibai, TESCON ta NPP da TEIN ta NDC. Wannan iyaka tana da kyau, amma tana sa wasu malamai su ji tsoron taɓa batun zaɓe gaba ɗaya don kada a ce sun karkata. Mafita ita ce malami ya tsaya kan yadda ake yi, ya bar wa ɗalibi wanda zai zaɓa. Akwai kuma batun bangar siyasa, wadda matasan unguwannin talakawa suka fi faɗawa ciki. Bayan tarzomar zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairun 2019, majalisa ta yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga tare da tanadin ɗauri mai tsawo, kuma ya dace duk mai barin sakandare ya san da ita.

Abin da ya rage

A zaɓen 2020 kimanin kashi 79 cikin 100 na masu rajista suka fito. A na 2024, wanda John Dramani Mahama ya kayar da Dokta Mahamudu Bawumia, kundin ya haura mutum miliyan 18, amma waɗanda suka fito ba su wuce kashi 61 ba. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 38 cikin 100 na mutanenta miliyan 30.8 'yan shekara 15 zuwa 35 ne, wannan raguwa abar dubawa ce. Zaɓen majalisun gundumomi, wanda ba a shigar da jam'iyyu cikinsa, kuma ɗan shekara 18 ke iya tsayawa takara, ya fi kowane fama da ƙarancin masu fitowa, ga shi kuwa shi ne ya fi kusa da magudanar ruwa da kasuwa da fitilar unguwa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakan da Ghana za ta iya dubawa. A Norway tun 1989 ake shirya zaɓen gwaji a manyan sakandare na ƙasa baki ɗaya kafin babban zaɓe, Kanada ma tana da irinsa tun 2003. A Amurka, jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida sun yarda ɗan shekara 16 ya shigar da sunansa tun da wuri, ranar da ya cika 18 rajistarsa ta fara aiki, dokar jihar Texas kuma ta ɗora wa shugabannin sakandare raba wa ɗaliban da suka isa takardun rajista sau biyu a shekara. Nijeriya, wadda ke rubuta jarrabawar WAEC ɗaya da Ghana kuma shekarun zaɓenta 18 ne, ta fi buƙatar wannan nazari, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba.

Babban zaɓen Ghana na gaba zai zo ne a 2028, shekarar da yaran da aka haifa a 2010 za su cika 18. Kafin lokacin, abin da ake nema daga kowace sakandare bai fi ƙarfinta ba: ta san ɗalibanta nawa ne za su isa zaɓe, ta taimaka musu su mallaki katin ɗan ƙasa tun suna aji ɗaya, ta sanar da su ranakun rajista da na kafe sunaye, ta kuma ba kowannensu samfurin ƙuri'a ya dangwala ya naɗe da hannunsa. Iyaye kuma, musamman na Zango, su buɗe akwatunan tsofaffin takardu su nuna wa 'ya'yansu asalinsu tun kafin wani ya tambaye su a gaban layi. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta.